Sola ko janareto? Neman shawara kan wutar makarantarmu

Maman Khalifa (Tudun Wada):
Assalamu alaikum jama'a. Ni ce shugabar wata ƙaramar makarantar kuɗi a Tudun Wadan Zariya. Muna da kwamfutocin tebur 20 da iyayen yara suka yi karo-karo aka saya, amma yawancin ranaku a lulluɓe suke, don ana ɗauke wuta tun kafin a gama taron safe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareto ya fi ƙarfinmu, sai ta kama dole muke tayar da shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan aji shida. Da kwamfuta ake rubuta JAMB, ga yaro bai saba da ita ba, ya shiga ɗakin jarrabawa hannu na rawa. Wani mai haɗa sola ya ba mu lissafi, fiye da rabin kuɗin na batir ne. Haka abin yake? Muna kuma da fankoki 12 da sumo, wato injin turo ruwa daga rijiyar burtsatse.

Injiniya Samaru:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Lissafin solar gida mutumin ya yi muku. Gida da dare yake shan wuta, shi ya sa yake buƙatar batir mai yawa. Ku kuwa daga ƙarfe 8 zuwa 2 kuke aiki, lokacin da rana take kan ganiyarta, don haka kuɗinku ya tafi kan fanel, wato farantin da ke karɓar hasken rana, batir ya zama ɗan madaidaici na tare giɓi idan hadari ya taso.

Ki fara ƙirga kayanki. Kwamfutar tebur da allonta tana jan wat 100 zuwa 150, laftof kuwa wajen 50. Fankar sama kusan 70. Kin ga kwamfutoci da fankoki kaɗai sun kusa wat 4,000 idan an kunna su gaba ɗaya, sai a nemi inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar sola irin wadda kayan gida ke aiki da ita, da ta ɗara haka. Sumo kada ta tashi tare da su, domin a tashin farko tana fizgar ninkin abin da take ci. A bari sai an tashi daga makaranta a cika tanki. Fanel ya fuskanci kudu, kuma a yi masa ating mai kyau, wato wayar da ke kai wutar tsawa cikin ƙasa, domin tsawar damina ba ta barin inbata.

Malam na Ƙofar Doka:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, sai dai ban yarda a rage batir sosai ba. Mu muna da Islamiyyar dare ta matan aure. Batirin ruwa muka fara sa, maigadi yana jona hita da asuba, batirin bai yi nisa ba ya mutu, don ba a son a zuƙe shi ƙasa da rabi. Na litiyam ya fi tsada amma ya fi juriya. Hajiya, kada ki sayar da janareton nan. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari za ki neme shi. A kuma riƙa wanke fanel da sassafe, ƙura tana rage masa ƙarfi ƙwarai.

Maman Khalifa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ba mu da karatun dare, Malam, amma janareto zai zauna. Injiniya, idan muka raba yaran gida biyu, kwamfuta 10 a lokaci guda, za mu iya farawa da rabin fanel ɗin mu ƙara daga baya?

Injiniya Samaru:
Ƙwarai kuwa. Ki dai sayi inbatar da za ta ɗauki cikakken nauyin tun yanzu, fanel a riƙa ƙarawa zango-zango.