Hotunan da na ɗauko a Tula sun yi fari fat, me zan gyara kafin mu tafi Yankari?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka don Allah. Kyamarar Canon ce ta hannu na saya da gilashinta (lens) 18-55mm, da kuɗin adashe da ɗan rance daga yayana, wanda tun farko ya ce wayata ta isa. Hoton biki da suna na fita lafiya lau. Amma da na je Tula, can Kaltungo, sama ta fito fari fat, duwatsun nesa toka-toka, ga ɗigo-ɗigo baƙi a saman kowane hoto. Na tsuke ƙofar haske zuwa f/22 ne don komai ya fito tas. Mako mai zuwa za mu Yankari. In sayar da gilashin nan in nemi wani?

Tsohon hannu, Gombe: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka faɗi ƙarfe nawa ka ɗauka ba, amma na san tsakar rana ce, kuma cikin hazo. Gilashinka lafiyarsa ƙalau. Rana in ta tsaya tsaka, inuwa na gudu ƙarƙashin dutse, sai tudu da kwari su zama ɗaya a hoto. A hunturu rana na fitowa wajen shida da rabi. Daga nan zuwa takwas, da kuma daga biyar na yamma zuwa magariba, su ne lokacinka. Sauko da f/22 ɗin zuwa f/8 ko f/11, ISO kuma, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ka sa 100. In ƙofar haske ta tsuke da yawa, hoton laushi yake yi, kuma a nan ne ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, take bayyana. Ɗigon da kake gani ke nan. Kifa kyamarar, ka hure ta da 'yar robar hura iska, kar da baki, kar da tsumma. Saman da ta ƙone kuwa, rage haske zuwa -0.7 ko -1, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Inuwa ana iya ɗago ta a kwamfuta, farin da ya ƙone ba ya dawowa.

'Yar Yelwa, Bauchi: Ka sayi filtar CPL, wadda ake ɗaurawa a bakin gilashi don rage ƙyalli. Juya ta a hankali, rana na gefen kafaɗarka, za ka ga sama ta yi shuɗi, ganye ya daina ƙyalli. A ruwan Wikki da ke Yankari ma tana cire walƙiyar saman ruwa har a ga yashin ƙasa.

Tsohon hannu: Hajiya, a kan ruwa da ganye na yarda. Amma hazo ƙura ce rataye a iska, filta ba ta share ta, sai dai ta cinye masa haske. Mai son duwatsun nesa tas ya jira Oktoba, bayan ruwa ya wanke sama.

Mai hoton biki, Azare: Ni abin da ke ƙona min rai, ka sha wahalar hoton dutse, mutum ya kwafe ya sa a shafinsa ko sunanka babu. Wa ke biyan kuɗin hoton daji a ƙasar nan?

Mai tambaya: Na gode Yallaɓai. Amma motar haɗaka muke bi, ba mu isa wuri sai hantsi ya dubi ludayi. Kuma f/22 ɗin wani gwani na gani yana amfani da ita.

Ɗan Alkaleri: Kar ka jira Oktoba. Lokacin ciyawa ta rufe komai. Rani ne dabbobi ke taruwa bakin kogin Gaji. Ka kwana a Wikki ka bi fitar safe. Sai dai 55mm ba zai kawo maka giwa kusa ba, ari gilashin 70-300 mai jawo nesa, saurin ɗauka 1/500 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, ka bar ISO ya hau 800 in ya kama. Kar ka canza gilashi a buɗaɗɗiyar mota, ƙura ce za ta cika maka sensa. Jakarka kuma a kafaɗa, gwaggon biri ba ya jin kunya.

Tsohon hannu: Gwanin naka a kan mariƙi mai ƙafa uku yake ɗauka, da sensa mai tsabta. In dole sai da rana, cire sama daga hoton gaba ɗaya, ka matso kusa: saiwar kuka, tsagar dutse, sawun giwa a laka.

Mai tambaya: To amma ni faɗin wurin nake so ya fito. Nawa ake sayar da gilashin 10-18 mai ɗaukar faɗi na hannu a Bauchi yanzu?