Jama'a akwai yadda a ka maida app yadda shike dauri? Update ya rikita Baba

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana waya ku taimaka. Mahaihina albasa shi ka saidawa, kuma rabin cinikinai da mutanen kudu duk ta voice note ta. Baba bai karatun boko, ajami ɗai ya sani, to app ɗin da shi ka amfani da shi (ba ni hwaɗin suna) haddace shi yay yi da ɗan yatsa: nan sama na biyu shi na wurin saƙo, hoton mutum mai jar hula shi na kwastomanai na Onica, ya danna ya riƙe ya yi magana ya saki. Shekara nawa hakanga babu matsala.

Shekaranjiya ƙanena ya kai wayar shagon caji anka yi mata update, komi yac canza wuri. Abin da ke sama ya dawo ƙasa, kala ta sake, ga wani da'ira sabo. Jiya bayan la'asar ina kallonai ya ɗauko tabarau ya sa, ya yi ta dangwala sama inda babu komi yanzu, har yat tura ma surukinmu voice ɗin farashin buhu. Ya aje wayar bisa tabarma ya ce "Ɗauki abinka, wagga ba tawa ba ta." Walle tausai ya kama ni. Shin akwai hanyar da zan maido mashi tsohon?

Injiniya Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Gajeriyar amsa, a iPhone kusan babu hanya, a Android ana iya sauko da tsohon APK (fayil ɗin da ake saka app da shi) amma ban ba ka shawara ba. Na ɗaya ba ka san wa ya taɓa fayil ɗin ba kafin ya iso gare ka, kuma wayar da ake cinikin kuɗi da ita ce. Na biyu irin su WhatsApp tsohon version yana da wa'adi, wata rana za ka wayi gari ya ce sai ka yi update ko ya ƙi buɗewa, ka ga an koma gidan jiya. Su GB WhatsApp da sauran na bogi kuwa kada ma ka fara, ana rufe lambar mutum a kansu.

Abin da za ka iya shi ne ka shiga Play Store ka kashe auto-update don gaba, ka ƙara girman rubutu a setin, sannan mutanen da Baba ya fi magana da su ka yi masu pin su tsaya can sama, ko ka fito da su kan fuskar waya a shortcut da hotonsu. Ya danna fuskar mutum kawai ya faɗa cikin hirarsu, bai buƙatar bin wata hanya.

Maman Khairat Atamfa:
Wallahi ba Baba kaɗai ba ne ɗana, mu da munka yi makaranta ma mun sha ta. Lokacin da WhatsApp sunka kawo Channels a 2023 sunka maida Status ya zama Updates, kwana biyu ina neman inda zan ga wa ya kalli kayana, ni da status ne shagona. Ban gama sabawa ba a 2024 sunka ɗauko layin sama sunka maido ƙasa a Android, ga kuma zoben Meta AI (na'urar hira ta kamfanin da ke da WhatsApp) da ba wanda ya aike shi. Yanzu kam hannuna ya saba, har in na ɗauki tsohuwar wayar yarinyata sai in ji ita ce baƙuwa. Ka gaishe da Baba, ka ce ya yi haƙuri da 'yan zamani.

Sarkin Gardama:
Kullum haka ku ke, a canza ku yi kuka, bayan sati biyu ku mance. Ko kun biya kuɗin app ɗin ne? Kyauta a ka ba ku hwa. Elon Musk ya sayi Twitter dala biliyan 44 a 2022, a Yulin 2023 ya kori tsuntsun ya sa X, anka yi ta zage-zage, yau wa ya bari? Har yanzu Tuwita mu ka ce mata kuma muna ciki.

Ummu Aiman UDUS:
Malam Sarkin Gardama ba kullum kukan ke tashi a banza ba. Snapchat sun sake fasali a 2018, mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke, daga baya kamfanin ya gyara wasu abubuwan. Instagram ma a 2022 da suka so su cika ma mutane ido da bidiyo irin na TikTok, surutu ya yi yawa suka ja da baya. Kuma batun kyauta, data fa da kuɗinmu muke saye, kuma tallan da suke nuna mana shi ne cinikinsu.

Ni abin da ya fi damuna a maganar Ɗan Mabera, masu zana waɗannan abubuwa suna can Amurka suna ɗauka kowa karanta rubutun ƙasan maɓalli yake. Kai da ka iya turanci in an matsar da abu sai ka karanta ka gano, minti biyu. Wanda bai karatu wurin abin ya riƙe da kalarsa, kamar makaho da ya san ɗakinsa, ka matsar masa da randa ai ka gama da shi. Kakata a Bodinga haka take, kore ta sani na ɗauka ja na kashewa, ranar da aka ba ta wayar da sai an ja sama kafin a amsa kira, wata guda ba mu same ta ba sai ta wayar maƙwabta. Su kuma irin su Baba ba su rubuta koke a intanet balle a ƙirga su.

Sarkin Gardama:
To Malama na ji, amma maido layin ƙasa ai don babban yatsa ya kai ne, wayoyin yanzu kamar faranti. Ba komi na mugunta ba.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai jama'a. Injiniya na yi yadda kac ce, na hiddo mutum shidda bisa fuskar waya, mai jar hula na farko. Da sahe Baba ya gwada ya tura ma na Onica saƙo da kainai, ya shiga daidai, bai ce komi ba sai "to". Amma ya kafa doka, duk wanda ya sake kai wayarshi shagon caji ba da izini ba shi da shi. Saura zoben nan, ya tambaye ni sau ukku ko ido na a ka kallonai da shi. Akwai yadda a ka ɓoye shi?