Ubuntu ba ya ganin na'urar DVD idan an baro Windows

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar tebur ce mai Windows 10 da Ubuntu 22.04, GRUB, manhajar da ke fitowa in an kunna kwamfutar, ke ba da zaɓin wanda za a shiga. Na'urar DVD ɗin ta SATA ce (nau'in wayar da ke haɗa ta da allon kwamfutar), BIOS, wato saitin farko na kwamfutar, kuma yana kan AHCI, tsarin sarrafa SATA.

In aka kashe kwamfutar aka zare wayar wuta na minti ɗaya, Ubuntu yana ganin na'urar a /dev/sr0, tana karanta faifai lafiya lau. Amma in daga Windows aka sake tayar da kwamfutar aka shiga Ubuntu, sai na'urar ta ɓace: lsblk, umarnin da ke jera na'urorin ajiya, ba ya nuna sr0, dmesg, mai nuna saƙonnin tsarin, yana cewa "ata2: SATA link down (SStatus 0 SControl 300)". Tiren yana buɗewa, wato wuta na isa gare ta.

Na kashe Fast Startup (saurin tashi na Windows) da umarnin powercfg /h off, na sauya wayar SATA da ramin da take shiga, na tura "- - -" cikin /sys/class/scsi_host/host1/scan don Ubuntu ya sake neman na'urar. Shiru.

Zargina shi ne tsarin tanadin wuta na Windows, HIPM da DIPM, yana barin layin SATA a barci, sake tayarwa kuwa ba ya farkar da shi. Shin a Windows zan kashe tsarin tanadin wutar, ko in saka libata.force=2:1.5Gbps, mai rage gudun layin, a /etc/default/grub? Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.