Abin da aka tattara a hirar tiyon izin

Ga taƙaitawar hirar da masu walda da injiniyoyi suka yi nan Maradi kan tiyon izin (wato masana'anta), tun da yaranmu da dama na neman aiki SORAZ, matatar mai ta Damagaram.

An fi daɗewa kan gyaran wucin gadi. Wani dattijo ya kawo zancen haɗarin izin ɗin sinadarai na Flixborough ta Ingila, 1974, an cire tanki guda aka haɗa tiyo ba lissafi ba gwajin kirki, ya fashe mutum 28 suka mutu. Shi ya sa duk canji komi ƙanƙantarshi sai injiniya ya duba ya sa hannu, wallahi wanga magana ita ta fi kama ni.

Gwajin matsi kuma da ruwa ake yi, kamar ninki 1.5 na abin da tiyon zai ɗauka, don in da iska aka gwada ya fashe barna ce babba. Zafinmu na Afrilu ƙarfe miƙewa yake, a bar mishi lanƙwasa. Tsatsa tana ɓuya ƙarƙashin rufin tiyo, a riƙa buɗewa ana auna kauri.

Kafin walda a rufe bawul da kwaɗo, a wanke layi, a auna gas tukuna.