Shagon ɗinkina ya girma, amma komai sai ni

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Tela ne ni a Zariya. Da keke ɗaya na fara a zauren gidanmu, yau kekuna shida ne da yara bakwai. Alhamdu lillahi, aiki na shigowa. Damuwata ita ce komai sai ni: awo ni, yanka ni, saro shadda a Kantin Kwari ta Kano ni, karɓar kuɗi ma ni. Azumin bara zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, ɗinkin Sallah ya tsaya cak, na saɓa alkawuran da har yau ina jin kunyar masu su. Yanzu an yi mini tayin shago a Samaru, kuɗin haya na hannu. In karɓa?

Wani dattijo mai sayar da yadi a Kwari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, dakata tukuna. Shagon da ya kasa kwana biyar ba ka nan, ka ƙara masa ƙane? Dubi wanda ya fi daɗewa cikin yaranka, ka miƙa masa almakashi. Zai ɓata yadi sau biyu ko uku, ka haƙura, ka tsaya kansa kana gyara masa hannu. Na san abin da ke ranka, kana tsoron in ya iya ya tafi da mutanenka. Ai ko ba ka koya masa ba wata rana zai tafi. Mu nan shekaru muke yanke wa yaro a gaban iyayensa, in sun cika a sallame shi da jari. Yaron da ya san ranar sallamarsa ya fi riƙe amana.

Wata mai gidan abinci a Kaduna:
Malam, ni tambaya ɗaya gare ni. Kuɗin hayar nan riba ce, ko kafin alƙalamin mutane ne? Na taɓa cin uwar kuɗi ina zaton riba ce, don aljihuna da na shago ɗaya ne. Ka yi wa sunan shagon rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe masa asusun kansa, ka yanka wa kanka albashi. Sannan littafi: zare, maɓalli, man janareta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin janareta ya sauya lissafin kowa, ka duba ko farashin ɗinkinka ya bi shi.

Wani matashin tela:
Ni dai Yaya ina ganin Samaru ba wurin saki ba ne, ga ɗaliban jami'ar ABU. Ka nemi mai shagon ya ba ka wata uku.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya kin taɓa ni, kusan rabin kuɗin na masu ɗinki ne. Baba, gobe in Allah ya kai mu babban yarona zai yanka kaftani biyu ina tsaye. Ta yaya kuke tsayar da kuɗin sallama, tun farko ko sai lokacin ya zo?