Saiti da kariya a Magic: The Gathering: abin da 'yan wasan Sakkwato suka tsayar

A zaman da masu buga katin suka yi a Mabera, gardama ta fi zafi kan saiti, wato zaɓen abin da kati zai yi aiki a kansa. Matsayar ita ce, kati ba ya saitin komai sai an buga kalmar "target" a jikinsa, in ban da Aura (katin da ake liƙa wa wani abu a fili), wadda ke saiti lokacin jefa ta, da wasu kalmomin doka irin su "equip" da saiti ke cikin ma'anarsu. Ana zaɓen abin saiti tun wajen jefa kati, kuma a sake dubawa sa'ad da zai yi aiki. In duk abin da aka saita ya bar fili ko ya samu kariya a tsakani, katin ya tafi a banza, har da sauran amfaninsa kamar jan sabon kati. Nan ne sababbi ke yawan asara.

Heksfuruf (hexproof) da shiraud (shroud) siffofi ne da ke kare dabba, wato katin halitta, daga saiti. Heksfuruf abokin karawa kaɗai yake hanawa, mai dabbar yana iya saitinta. Shiraud kowa yake hanawa.

Kariya daga launi aka fi daɗewa a kai, kuma ta cancanci haka. Abu huɗu take tarewa daga wannan launin: rauni, liƙa Aura ko makami, tare hanya a faɗa, da saiti. Ba ta wuce nan ba. Shi ya sa Wrath of God, kati mai farin launi da ke hallaka dukkan dabbobi, ke share dabba mai kariya daga farin launi, domin hallakawa yake yi, ba saiti ba rauni. Haka ma katin da ke tilasta wa mutum sadaukar da dabbarsa.

Shawarar manyan 'yan wasa: a riƙe katin kariya sai abokin karawa ya biya "mana", wato kuɗin jefa kati a wasan, ya jefa nasa, sannan a mayar da martani.