Muhawara: Shin halatta cinikin ƙaho zai ceci karkanda a Afirka ta Kudu?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Maganar da na kawo gaban jama'a ita ce, haramcin cinikin ƙahon karkanda tsakanin ƙasashe, wanda yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashen duniya, ta kafa tun 1977, bai tsinana wa dabbar nan komai ba, kuma lokaci ya yi da za a bar masu kiwonta su sayar da ƙahon a bainar jama'a. A 2007 karkanda 13 kacal ɓarayin daji suka kashe a Afirka ta Kudu, amma a 2014 adadin ya kai 1,215, alhali dokar tana nan daram. Ƙahon nan ba ƙashi ba ne, dangin farce da kofato ne, idan an yanke shi yana sake tsirowa, dabbar kuma ta ci gaba da kiwonta. Me ya sa za a bar mai saye a Biyetnam ko Sin ba shi da hanyar samu sai ta hannun wanda zai harbe dabba ya sassare mata fuska da gatari, alhali rumbunan gwamnati da na masu gonaki maƙare suke da ƙaho?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. An taɓa bin wannan hanyar da hauren giwa, kuma ba a ji da daɗi ba. A 2008 an yarje wa Botswana da Namibiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu suka sayar wa Sin da Japan haure sama da tan 100, da fatan kasuwar halal za ta karya farashin ta ɓoye. Shekarun da suka biyo baya su ne giwayen Afirka suka fi ganin tashin hankali, domin shagon da ke da lasisi ya zama mafakar hauren sata, har Sin da kanta ta rufe kasuwar haurenta a ƙarshen 2017. Wane jami'in kwastan ne zai dubi garin ƙaho a cikin kwalba ya ce wannan daga gona yake, wancan kuma daga gawa?

Dakta Nasiru: Ina neman afuwar manyana, amma ina ganin an haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, wato yanke ƙaho da sayar da shi. Ni likitan dabbobi ne, kuma na taɓa tsayawa a wurin da ake yankan a lardin KwaZulu-Natal. Daga jirgi mai saukar ungulu ake harba wa dabbar allurar barci, idan ta durƙusa sai a rufe mata ido da ƙyalle, a toshe mata kunne, wani yana ƙirga numfashinta, wani yana yayyafa mata ruwa saboda zafi. Sai a auna 'yan yatsu sama da gindin ƙahon a ja layi, domin idan zarto ya sauka ƙasa da nan zai taɓa wurin da ke da jini. Ana shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin kanta, saboda ko ɓurɓushin da zarton inji ke fesarwa sai an tattara an auna an rubuta. Warin kuwa tamkar na ƙonannen gashi ne. Ba a daɗe ba ta farka ta miƙe tana tangaɗi.

Wannan aikin yana rage kisa ba tare da an sayar da ko giram ɗaya ba. A 2023 an kashe karkanda 499 a ƙasar, 325 daga ciki a KwaZulu-Natal, mafi yawansu a gandun Hluhluwe-iMfolozi. A Afrilun 2024 aka fara yanke ƙahon dabbobin gandun, adadin lardin kuma ya sauko zuwa 232 a shekarar. Illarsa ita ce dole a maimaita kusan duk shekara biyu, kuma akwai ɓarayin da ke kashe dabba saboda ɗan kututturen da ya rage.

Malam Habibu: Dakta, na gode, amma kai ma ka taɓo inda gizo ke saƙa, domin jirgi da allura da albashin masu gadi duk kuɗi ne, kuma tambayar ita ce wa zai biya. A ƙarshen ƙarni na 19 farin karkanda na kudu bai kai 100 ba, duk a yankin iMfolozi. A shekarun 1960 jami'in gandun daji Ian Player da abokan aikinsa suka fara kwashe su zuwa wasu gandaye, daga baya doka ta ba masu gonaki damar mallaka da saye da sayarwa, har adadin ya kai kusan 20,000. Yau fiye da rabin fararen karkandan ƙasar suna hannun masu zaman kansu. Wani mai kiwon karkanda, John Hume, ya tara kimanin 2,000 a gonarsa da fatan za a buɗe ciniki, ba a buɗe ba, aljihunsa ya ƙare, ya sa gonar a gwanjo a 2023 babu wanda ya taya, sai ƙungiyar kare namun daji ta African Parks ce ta saye ta daga baya. Makiyayi ba ya riƙe saniyar da ba ta nono kuma aka hana shi kai ta kasuwa. Ga Hajiya kuma, haure sai giwa ta mutu ake samunsa, ƙaho kuwa ana girbinsa dabba na raye, saboda haka kwatancin bai zauna daidai ba.

Alhaji Garba: 'Ya'yana, ni daga Garwa nake rubutu, kuma mu a arewacin Kamaru mun riga mun yi zaman makokin namu. Baƙin karkanda na yammacin Afirka a dazuzzukan nan na yankin Binuwai ya ƙare. An bi daji an duba a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar wa duniya ya ɓace. A zamanin da aka fi kashe karkanda, Yaman ce ke sayen ƙaho mai yawa domin ƙotar wuƙar da maza ke ɗaurawa a ƙugu. Abin da ya cinye namu shi ne daji mai faɗi, masu gadi ƙalilan, da ƙauyawan da ba su ga amfanin dabbar ba sai ranar da baƙo ya zo da kuɗi yana neman mai nuna masa sawu. Ku tambayi kanku, idan an halatta cinikin, nawa ne zai isa ƙauyukan Mozambik da ke maƙwabtaka da gandun Kruger na Afirka ta Kudu, inda ake ɗaukar samarin da ke tsallake iyaka da dare.

Hajiya Rabi: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka faɗi abin da ke raina. Malam Habibu, na amince girbin ƙaho ba kisa ba ne, amma lissafinka ya ginu ne a kan cewa masu saye ba za su ƙaru ba. Sin ta hana amfani da ƙahon a magungunan gargajiya tun 1993, a Biyetnam kuma ya zama kayan alfahari da kyautar manya, ana ma shan garinsa bayan an kwana ana shaye-shaye. Ranar da gwamnatoci suka buga masa hatimi, wanda kunya ko tsoro ke hanawa zai shigo kasuwa, kuma gonakin Afirka ta Kudu ba za su ƙosar da miliyoyin mutane ba. Sannan ka manta da karkandan tsibirin Jaba a Indunusiya, wanda bai kai 100 ba, duk a gandu guda, ba shi da mai gona da zai ci ribarsa, amma ɓarawo zai bi ta kansa idan buƙata ta hau. Ka kuma tuna an sha kama wasu ma'aikatan Kruger da zargin haɗa baki da ɓarayi, har hukumar ta koma gwada amanar ma'aikatanta da na'urar gano ƙarya.

Malam Habibu: Batun karkandan Jaba na karɓa, Hajiya, ban yi tunaninsa ba, kuma ba ni da amsarsa a yanzu. Sai dai tambayata ta kuɗi tana nan ba a amsa ba. African Parks ta ce cikin shekara 10 za ta mayar da dabbobin Hume daji, kuma kowane gandun da ya karɓa sai ya nemi shinge da masu gadi da jirgin Dakta duk bayan shekara biyu. Dakta, kai da ka ga aikin da idonka, a gandun da ka je, aljihun wa ya biya kuɗin man jirgin?